Mista Bin: shekara sama da 30 kuma har yau yara na ƙwace waya saboda shi

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ni tela ne a nan Marwa ta Kamaru. Tun ina ƙarami muke tara 'yan daloli mu shiga vidiyo kulob na unguwa mu kalli Mista Bin, yanzu ga ni da iyali kuma 'ya'yana su ma shi suke nema a wayata, har maƙwabcina dattijo da ba ya jin Faransanci balle Ingilishi in ya zo shago sai ya ce a saka masa. Dan Allah me ke cikin wasan nan da ya hana shi tsufa? Kashi nawa ne gaba ɗaya? Kuma na ga a Facebook an ce mutumin ya rasu, gaskiya ne? Sannan ya dace in bar yara su riƙa kallo?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a sana'a. Tambayar nan ta min daɗi sosai don wasan kwaikwayo shine harkata, kuma Mr. Bean, ko Mista Bin kamar yadda muke faɗa, yana cikin abubuwan da nake fara nuna wa duk matashin da ya zo min ya ce yana son koyon barkwanci.

Bari in fara da lissafin kashi-kashin don nasan zai baka mamaki. Guda 15 ne kacal. Tashar ITV ta Ingila ta fara nuna shi ranar 1 ga Janairu 1990, aka rufe a ƙarshen 1995, kowane kashi wajen minti 25, kaga in ka haɗa su duka bai fi awa shida da 'yan mintuna ba. Mutane da yawa in na faɗa musu haka sai su yi ta musu wai ai sun kalli sama da ɗari, toh abin da ya faru shine kowane kashi yana ɗauke da labarai biyu zuwa huɗu, masu kaset da sidi suka yayyanka suka sake jerawa, yanzu kuma YouTube da Facebook da TikTok sun ƙara daddatsa shi minti uku-uku, ga kuma na katun da aka fara a 2002 wanda shi kam yana da yawa. Amma asalin abin, wanda mutumin ya fito da jikinsa, 15 ne.

Sunan mai wasan Rowan Atkinson, an haife shi a 1955, kuma ba wasan kwaikwayo ya karanta ba, injiniyan lantarki ne, ya yi digirin farko a Newcastle ya je Oxford ya yi na biyu, a can Oxford ɗin ne ya fara ƙirƙiro wannan mutum mai murguɗa fuska. Rubutun shirin kuma ba shi kaɗai ba ne, shi da Richard Curtis da Robin Driscoll ne. Na kawo maganar Curtis ne da gangan. Kafin Mista Bin, Atkinson da Curtis sun yi wani shiri a BBC mai suna Blackadder daga 1983 zuwa 1989, Turawan Ingila suna ji da shi ƙwarai har gobe, shi wancan gaba ɗaya habaici ne da baƙar magana da wasa da harshe. Toh tambayi duk wanda kake so a kasuwar Marwa ko Garwa ko Kuseri ko ya taɓa jin sunansa. Ɗan wasa ɗaya ne, hannun marubuci ɗaya ne a ciki, ɗaya ya tsaya wajen masu jin Ingilishi ɗayan kuma ya iso har shagonka, saboda a na biyun sun cire magana suka bar jiki da fuska su yi aikin.

Kuma ba dace suka yi ba, shiryawa suka yi. A 1987, tun kafin shirin ya shiga tele, an gayyaci Atkinson bikin barkwanci na Montreal a Kanada, sai ya dage shi a ɓangaren masu jin Faransanci za a saka shi, don ya gwada ko wanda baya jin yarensa zai yi dariya. Shi da kansa ya sha faɗin cewa ya ɗauki darasi wajen Jacques Tati, Bafaranshen nan mai fim ɗin hutun Monsieur Hulot na 1953, wanda shi ma kusan bebe ne a finafinansa.

Yanzu ka dubi irin garuruwanmu. A benci ɗaya na vidiyo kulob zaka samu mai Fillanci, mai Hausa, mai Larabcin Shuwa, Babarbare, Bamafa, ɗan kudu mai Faransanci. In aka saka fim ɗin Indiya sai an samu mai fassara, in aka saka Jean Miché Kankan, ɗan barkwancin nan na Kamaru, Allah sarki, wanda bai iya Faransanci ba rabin daɗin ya wuce shi, in Samanja ne na marigayi Usman Baba Pategi dole sai ka san Hausa ka kuma san irin Turancin bariki da yake cakuɗawa kafin abin ya kama ka, haka Ibro Allah ya jiƙansa, duk da shi ma yana da jiki da fuska amma ƙarfinsa a baki yake. Mista Bin ne kaɗai za'a saka benci ya fashe da dariya a lokaci guda babu wanda yake jiran na kusa da shi ya bayyana masa. Maƙwabcinka dattijo ba'a bar shi a baya ba ko da daƙiƙa ɗaya, shi yasa yake so.

Sai dai ni a ganina rashin magana ƙofa ce kawai ya buɗe, ba shi ne ya zaunar da mutane ba. Bebayen wasanni nawa aka yi aka manta? Abin da ya riƙe mutane shine wuraren da ake kai shi da kuma halin da aka ba shi. Ka lura kullum inda ake buƙatar natsuwa da kamun kai ake jefa shi: ɗakin jarrabawa, coci, layin asibiti, wajen likitan haƙori, gidan cin abinci na manya, layin gaida sarauniya. Wurare ne da kowa ya san dokarsu ko da ba'a rubuta ba, kowa kuma ya taɓa jin wannan matsin na a ce kar ka yi tari, kar ka yi gyangyaɗi, kar a gane baka san yadda ake yi ba. Shi kuma Atkinson ya ce mutumin yaro ne a jikin babba. Toh yaro baya jin kunyar da muke ji, abin da ranka ya raya maka ka danne shi yake aikatawa a gaban jama'a sanye da kwat da jan nakatayi.

Ɗauki jarrabawar lissafin nan ta kashi na farko, ina son mu tsaya a kanta don duk wanda ya zauna BEPC ko probatuwar ko bak zai gane. Ya shigo da gadara, ya zazzage birori a kan tebur ɗaya bayan ɗaya wai ko wani zai ƙare, ya jera 'yan tsanansa na sa'a, yana yi wa na kusa da shi kallon ni fa na shirya. Shi tirigonometiri ya haddace. Aka ce a buɗe ambulan, ya zaro takarda, kalkulas. Ka kalli fuskar nan yadda take narkewa a hankali, ba'a yi sauri ba, an baka lokaci ka ji abin a cikinka. Daga nan sai dabarun satar amsa, ya leƙa, ya matso da kujera kaɗan-kaɗan, ya nuna wa mutumin wani abu can gefe don ya juya, ya hura takardar don ta ɗaga, kowace dabara ta fi ta baya muni kuma kowacce ta fi ta baya kunya, har ya haƙura ya kifa kai. Saura minti biyu a tashi mai tsaron jarrabawa ya yi sanarwar inda masu koriyar takardar kalkulas zasu ajiye tasu da inda masu farar takardar tirigonometiri zasu ajiye, ashe takardu biyu ne a ambulan ɗin tun farko bai duba ba. Wannan ginin injiniya ne wallahi, babu motsi ko ɗaya da aka yi a banza, a ƙarshe ga shi yana rubutu kamar zai yaga takardar. Shi yasa ko ka san ƙarshen zaka sake kallo, don ba mamakin ƙarshe kake jira ba, yadda aka hau matakalar ɗaya bayan ɗaya kake jin daɗi.

Haka wanda ya makara zuwa wajen likitan haƙori, yana tuƙi yana saka wando da safa, ya goge baki ya kuskure da ruwan wanke gilashin mota. Wannan kashin da aka nuna a farkon 1992 mutum sama da miliyan 18 suka kalla a Birtaniya. Ko wanda ya sayo kujerar falo ya ɗaure ta a saman ƙaramar motarsa Mini ya zauna a kai yana tuƙi da igiya da sandar goge ƙasa. Matsalar ƙarama ce, kowa zai iya warware ta cikin sauƙi, shi sai ya bi doguwar hanya mai cike da basira wadda ba ta da amfani, kuma wani lokaci ta yi aiki, wannan ne ke sa ka rasa ko wawa ne ko mai wayo.

Akwai kuma abin da mutane basu cika faɗa ba, Mista Bin ba mutumin kirki ba ne. Mai son kai ne, mai ƙeta, a asibiti ya musanya lambar layi da ta marar lafiyan da baya iya motsi, shuɗiyar motar nan mai ƙafa uku kullum sai ya ture ta, budurwarsa Irma tana nuna masa zobe shi ya sayo mata hoton da ke kusa da zoben. Mu da muka taso da tatsuniya mun san irin wannan, Gizo ne, mai wayon da ke komawa kansa, ana jin haushinsa ana kuma son a ji me zai yi gobe. Amma marubutan sun yi hikima da suka bar shi cikin kaɗaici, ɗaki ɗaya, babu aboki sai ɗan tsanansa Teddy, ranar bikin haihuwarsa shi yake rubuta wa kansa kati ya buɗe ya yi murna kamar wani ne ya aiko. Ni wannan wajen yana taɓa min zuciya sosai, kuma na tabbata da babu shi da tuni mutane sun gaji da mugun halinsa.

Ta fuskar tasiri kuwa, fim ɗin 1997 ya tara sama da dala miliyan 250 ta Amurka, aka sake wani a 2007 inda ya ratsa Faransa zuwa Cannes, a bikin buɗe gasar Olamfik ta Landan a 2012 kuma da Ingila ta tashi nuna wa duniya abin da take taƙama da shi sai ga Atkinson zaune cikin makaɗa yana danna maɓalli ɗaya na fiyano yana duba agogo. Gaskiya ni finafinan basu kai min shirin tele ba, musamman na 1997 da aka ƙara masa magana aka kuma nemi a mayar da shi mai tausayi. Inda na fi ganin jininsa yau shine a waya. Khaby Lame, ɗan asalin Senegal da ya girma a Italiya, ya zama wanda ya fi kowa mabiya a TikTok a 2022 ba tare da yana buɗe baki ba, fuska da tafin hannu kawai, mutane da yawa suna kwatanta shi da Mista Bin kuma basu yi kuskure ba. Gajeren labari, wuri ɗaya, matsala ɗaya, ba sai an ji sauti ba, kamar dama don zamanin waya aka tsara shi alhali ko intanet bai shiga gidaje ba lokacin.

Matasanmu masu ɗaukar barkwanci a Marwa da Garwa da Njamena abin da nake roƙonsu kullum shine kar su kwaikwayi murguɗa fuskar, wannan nasa ne kuma duk wanda ya ara sai ya zama abin tausayi. Su kwaikwayi ginin. Ku ɗauki abu ɗaya da kowa ya sani, mai jiran canji a wajen ɗan klando mai kabu-kabu, baƙon da aka ba abincin da baya ci kuma mai gida na zaune yana kallonsa, sai ku kashe sautin bidiyon ku nuna wa wanda baya jin yarenku, in ya yi dariya toh kun gina wani abu.

Maganar rasuwa ƙarya ce da ake sake yaɗawa lokaci-lokaci, wasu ma don a danna mahaɗin da zai cuci wayar mutum suke yi, kar ka danna. A 2022 ma ya fito a wani sabon shiri na Netflix inda yake faɗa da ƙudan zuma. Abin da ya faɗa dai shine wasan Mista Bin da jikinsa yana gajiyar da shi yana kuma ɗora masa nauyi, shi yasa ya fi karkata ga bada murya a katun.

Yara kuma, ni ban ga laifi ba su kalla, babu zagi babu zubar da jini, amma ka fara dubawa da kanka don akwai wurare biyu-uku da tsiraici ya shigo, kamar na wurin ninƙaya da wandonsa ya suɓuce da na otal da ƙofa ta rufe shi a waje ba kaya, waɗannan sai ka tsallake musu. Na katun ya fi sauƙi ga ƙanana sosai duk da bai kai asalin daɗi ba. In kuma kana kusa lokacin da ya cuci wani, kamar na layin asibitin nan, ka tambaye su ko abin da ya yi daidai ne, zaka ji da bakinsu suna cewa a'a suna dariya. Ka gaida min dattijon, in bai taɓa ganin na talotalon da ya maƙale masa a kai ba ka nemo masa, yana cikin kashin Kirsimeti na 1992.