Me ya sa wasu al'ummomin Amurka suka fi wasu fita zaɓe?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Duk lokacin zaɓen Amurka sai in ji ana cewa baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka ba sa fita kaɗa ƙuri'a kamar fararen fata. Gaskiya ne? Idan haka ne, halin ko-in-kula ne ko akwai wani dalili?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, akwai gaskiya a abin da ka ji, amma batun ko-in-kula ban yarda da shi ba, kuma zan faɗa maka dalili.

A zaɓen 2020, bisa ƙididdigar hukumar ƙidayar jama'a ta Amurka, kashi 71 cikin ɗari na fararen fatar da suka isa zaɓe sun jefa ƙuri'a. Baƙaƙen fata kashi 63, 'yan asalin Asiya kashi 59, 'yan asalin Latin kuwa kashi 54. Ka san dai waɗannan alƙaluma daga bakin mutane aka samo su, kuma akan samu wanda bai fita ba ya ce ya fita don jin kunya. Duk da haka tazarar a fili take.

To amma koma baya zuwa 2012, lokacin da Barack Obama ya nemi wa'adi na biyu. A shekarar baƙaƙen fata sun kai kashi 66, fararen fata kashi 64. Karo na farko ke nan da suka sha gabansu. Bayan shekara huɗu, a 2016, sai suka faɗo zuwa kusan kashi 60. Mutanen nan su ne dai, fatarsu ba ta sauya ba. Abin da ya sauya shi ne ɗan takara da irin ƙoƙarin da aka yi na bin su gida gida ana kiransu.

Sai tarihi, wanda nake ganin duk wanda ya tsallake shi zai zalunci mutanen nan. Tun 1870 tsarin mulki ya haramta hana mutum zaɓe saboda launin fatarsa, amma jihohin kudu suka ɓullo ta bayan gida. Suka ɗora harajin zaɓe, suka ƙirƙiro jarrabawar karatu da jami'in rajista ke yanke wanda ya ci da wanda ya faɗi yadda ya ga dama, ga barazanar kora daga aiki, ga duka, har da kisa. Kafin 1965, baƙaƙen fatar jihar Mississippi da ke da rajista ba su kai kashi 7 cikin ɗari ba. Bayan tattakin neman 'yancin zaɓe da baƙaƙen fata da magoya bayansu suka yi daga garin Selma na jihar Alabama, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar 'yancin zaɓe a watan Agustan 1965, kuma cikin shekara biyu adadin ya haura zuwa kusan kashi 60. Wanda aka rufe wa ƙofa, da aka buɗe ya ruga ciki a guje, ai ba za a ce ba ya son ɗakin ba. A 2013 kuma Kotun Ƙoli ta rushe sashen dokar da ya fayyace jihohin da dole su nemi izinin gwamnatin tarayya kafin su taɓa ƙa'idojin zaɓensu, abin da ya ba su damar rufe rumfuna da tsaurara sharuɗɗan katin shaida ba tare da jiran kowa ba.

Akwai kuma yadda ranar zaɓen kanta take. A Najeriya Asabar ake yi, a hana zirga-zirga. A can ranar Talata ce, kuma ba hutun ƙasa ba ce. Mai aikin da ake biyansa bisa awa, idan ya tsaya a dogon layi, abincin gidansa ne ya ragu. Shi ya sa coci-cocin baƙaƙen fata ke ɗebar mabiyansu a motoci bayan ibadar Lahadi zuwa rumfunan da ake buɗewa tun kafin ranar zaɓe, a jihohin da suka yarda da shi. Jihohi da dama kuma suna ƙwace ƙuri'ar wanda aka taɓa samu da babban laifi, hukuncin da ya fi faɗawa kan baƙaƙen fata, alhali a Maine da Vermont fursuna ma yana zaɓe daga kurkuku.

Wani ɓangare na tazarar kuwa shekaru ne da ilimi suka ɓuya a bayan launi. A 2020 matasa 'yan 18 zuwa 24 kashi 51 ne suka fita, dattawa 'yan 65 zuwa 74 kashi 76. Masu digiri sun fi waɗanda suka tsaya a sakandare fita nesa ba kusa ba.

Wannan ya fi bayyana halin 'yan asalin Latin. Al'umma ce mai yawan matasa, da yawansu sababbin 'yan ƙasa ne da ba su tashi sun ga iyayensu suna zaɓe a Amurka ba, wasu kuma Sifaniyanci suka fi ji. Ga shi mafi yawan taronsu yana California da Texas, jihohin da tun kafin ranar zaɓen shugaban ƙasa an san inda za su karkata. 'Yan takara kan kwashe kuɗinsu da ma'aikatansu su tafi jihohin da ba a san inda za su karkata ba, irin su Pennsylvania da Wisconsin, sai matashin da ke birnin Houston na Texas ko Los Angeles na California ya wayi gari an gama kamfe babu wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa ya ce ana buƙatar ƙuri'arsa.