Ƙara wa injin mota ƙarfi yana ƙara shan mai?

Malam, ka ce Camry ɗinka tana kasala a Hawan Kibo da ke hanyar Jos, bakanike ya ce a sa mata babbar salansa a kuma taɓa kwamfutar injin, kai kuma kana tsoron shan mai.

Ba laifin motar ba ne kacokan. Jos tana kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, iska ba ta da kauri, don haka injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin injin, dole ƙarfinsa ya ragu. Injin fetur kuwa yana haɗa iska kashi 14.7 da mai kashi 1 bisa nauyi. Duk gyaran da ya ƙara shigar iska, kwamfuta sai ta ƙara feso mai.

Salansa ita kaɗai ba ta cika ƙara sha ba, ƙafarka ce abin tsoro. Da ka ji wannan gurnanin, sai ka yi ta taka totur har Bukuru ba gaira ba dalili.

Ni cire katalis, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa, shi ne ya cuce ni. Wajen cirewa aka lalata sensar iska, bakin salansa ya yi baƙi ƙirin, gejin mai yana sauka ina kallo.

Fara canza fulogi da filtar iska tukuna, ka gwada hawan.