Zanen Itatuwa a Falo: Na Asali Ne Ko Bugu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mun tare a sabon gida a Aboabo, nan Kumasi, ina son in rataya zanen itatuwa a falo. Na ga guda biyu masu kama da juna a wani shago, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayan nesa ba kusa ba. Mai shagon ya ce mai tsadar bugu ne na musamman. Kuma itatuwan ja ne da shuɗi, ba kore ba. Anya ba cutata zai yi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa an shiga a sa'a. Kin zaɓi abu mai kyau, domin mafi yawan malamai sun halatta zanen itace. A ruwayar Buhari da Muslim, Ibn Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya riƙa zana itatuwa da abin da ba shi da rai.

Batun launi, kada ya dame ki. Akwai masu zanen da ba kamannin itace suke bi ba, abin da suka ji a ransu lokacin da suka tsaya a ƙarƙashinsa shi suke ɗorawa. Rimi da la'asar sakaliya yakan yi ja a ido, kuka a cikin hazon hunturu takan koma toka-toka mai ratsin shuɗi. Van Gogh, shahararren mai zane ɗan ƙasar Holland, ya zana itatuwan zaitun a kudancin Faransa a 1889, rassan a murɗe, ƙasa kamar tana motsi. A nan gida muna da Farfesa Ablade Glover, wanda aka haifa a 1934, mai zane ne da ya daɗe yana koyarwa a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST) da ke nan Kumasi. Da wuƙar fenti yake aiki, yana shafa launi da kauri. Idan kika matso kusa da dajin da ya zana, ɗigo-ɗigon fenti kawai za ki gani, sai kin ja da baya taku huɗu ko biyar itatuwan su miƙe. Ki gwada haka da wanda kika gani a shagon. In ya riƙe idonki daga nesa da kusa, ya yi.

Sai maganar kuɗi, wadda nan ne ake yi wa mutane rufa-ido. Zanen asali guda ɗaya ne tak, da hannu aka yi shi. Ki karkata shi wajen haske, za ki ga tudun fenti da sawun burushi. Bugu kuwa kwafinsa ne da aka fitar da na'ura, kuma ba laifi ba ne, muddin an faɗa miki gaskiya. Mai kyau, wanda ake kira jikle, ana buga shi a kan takardar auduga mai kauri da tawadar garin launi, wadda ba ta saurin koɗewa. Mai arahar galibi fosta ce, takarda mai sheƙi da tawadar rini. Rana tana fara cinye ja da rawaya, shi ya sa tsofaffin hotunan shagon aski suke komawa shuɗi.

Ki duba ƙasan hoton. Bugu mai daraja yana ɗauke da sa hannun mai zanen da fensir, da lamba irin 12/50, wato na goma sha biyu cikin hamsin da aka buga. Ki tambayi mai shagon sunan mai zanen, da irin takarda da tawadar. In ya fara kame-kame, ki biya kuɗin fosta kawai ko ki bar masa kayansa. Ni da za ki bi shawarata, kafin ki saya ki leƙa Cibiyar Al'adu da ke Bantama, inda za ki tarar da masu zane da kansu. Sau da yawa ƙaramin zanen asali na matashi bai fi kuɗin babban bugu ba, kuma kuɗin zai shiga hannun mai gumi. In hanya ta kai ki Accra, ɗakin nunin Artists Alliance da Glover ya kafa a unguwar La zai buɗe miki ido.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ganin zane mai kyau ya lalace saboda laima. Kumasi damina biyu gare ta, bangon sabon gida kuma yana daɗewa yana fitar da danshi. Ki ce wa mai firam ya sa kwali mai taga tsakanin takarda da gilashi, domin idan suka manne, fumfuna za ta kama, ɗigo-ɗigo masu launin ƙasa su fito, kuma ba sa gogewa da tsumma. A liƙe bayan firam ɗin saboda ƙura da kyankyasai, a manna ƙananan roba a kusurwoyin ƙasa don iska ta ratsa tsakaninsa da bango. Kada ki rataya shi inda rana ke bugowa ta taga, ko bangon da ke jingine da banɗaki ko kicin, kuma ki nesanta shi da kaskon turaren wuta, hayaƙin yana dusashe launi. Tsakiyar hoton ta yi daidai da idon mutum a tsaye. In zanen fenti ne a kan kambas, wato ƙyalle mai kauri na zane, bai buƙatar gilashi, burushi mai laushi busasshe ya isa a kaɗe ƙurarsa, ban da ruwa ko sabulu.