An fallasa sunana cikin masu ba ɗan takara gudummawa, yaya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Lokacin yaƙin neman zaɓe na tura wa wani ɗan takara gudummawa ta shafinsa na intanet, da katin banki. Yanzu an kwarmata jerin masu bayarwa, har abokiyar aikina ta turo mini hoton layin da sunana yake, ga lambar wayata a gefe. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Me zan yi? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya kiyaye gaba. Kafin komai, ki kira bankinki yau ɗin nan a toshe katin, a ba ki sabo, sannan ki bi bayanan asusunki layi-layi ko an cire abin da ba ki sani ba.

Abin da ya sa na fara da kati shi ne abin da ya faru a Amurka. A watan Maris na 2009 shafin WikiLeaks, mai fallasa bayanan sirri, ya saki bayanan mutum sama da 4,700 da suka ba Norm Coleman na jihar Minnesota gudummawa, a daidai lokacin da yake shari'ar kujerar sanata da abokin takararsa Al Franken. A watan Janairu ne aka ga kundin bayanan masu bayarwar zaune a buɗe a shafin kamfen ɗin. A ciki har da lambobin sirrin nan da ke bayan kati, waɗanda ƙa'idar kamfanonin kati ta hana a adana bayan an gama biya. Sai da abin ya fito fili aka ce wa mutane su soke katunansu. Wannan jinkirin shi ya fi ɓata mini rai, don amana ce aka ba 'yan kamfen ɗin, suka yi mata riƙon sakainar kashi. A watan Yuli na 2016 ma, cikin saƙonnin imel kusan 20,000 na jam'iyyar Democrat da aka fallasa, an ga lambobin kati da na fasfo na wasu masu bayarwa.

Fitowar suna kaɗai wani lokaci doka ce ke kawo ta. A Amurka duk wanda gudummawarsa ga mai neman kujerar tarayya ta haura dala 200, hukumar FEC, mai sa ido kan kuɗin yaƙin neman zaɓe, na wallafa sunansa da sana'arsa da inda yake aiki. Amma lambar waya da ta kati ba sa cikin wannan.

Yanzu ki sa ido kan wayarki. Mazambata na bin irin wannan jeri. Za a kira ki da cikakken sunanki, a faɗi ainihin kuɗin da kika bayar, a ce daga ofishin ɗan takara ne za a mayar miki, ki karanto lambar da ta shigo wayarki. Kada ki karanta, ki kashe wayar kawai. In kalmar sirrin da kika sa a shafin ita ce ta imel ɗinki, ki canza ta.

Ki kuma rubuta wa ofishin kamfen ɗin, su faɗa miki a rubuce wane bayani naki ya fita da ranar da suka sani. Duk wanda ya turo miki barazana saboda ɗan takarar da kika goya wa baya, ki ajiye hoton saƙon da lambarsa ki kai wa 'yan sanda.