Yaya, kar ki matsa sai an sa miki fari tas

Assalamu alaikum mutanen gida, barkanku da yamma. Yaya, na saurari muryarki tun ina wurin aiki, sai yanzu na samu zama. Kin ce haƙorinki na gaba da ya gutsure za a sa masa hula, wato murfin da ake rufe haƙori da shi, kin ce wa likita fari tas kike so, shi kuma ya nuna miki wani mai ɗan duhu, shi ne kike tunanin ko mai arha zai sa miki. A'a Yaya, daidai ya nuna miki. In dai kayan iri ɗaya ne, launi ba ya sauya kuɗi.

Kin ga haƙorin Makka, shi ai so ake a gan shi. To wannan hular akasin haka ce, so ake ki yi dariya kowa ya kasa gane wanne aka taɓa. Kuma haƙorin ɗan Adam ba fari ba ne kamar alli. Ki ɗau madubi ki duba da kyau: wajen dasashi ya fi rawaya, tsakiya ya fi haske, bakinsa kuma kamar gilashi, haske na ratsa shi. Fiƙa ma ta fi na gaba duhu. In aka dasa fari fat guda ɗaya a tsakaninsu, tun daga ƙofar gida za a hango shi.

Wancan ɗan allon mai jerin haƙora da ya riƙa karawa a bakinki, yawanci na kamfanin VITA ne na Jamus. Launi 16 ne a jiki, rukuni huɗu. Rukunin A mai ɗan ja-ja da ruwan ƙasa, B mai rawaya, C mai ruwan toka, D kuma toka da ɗan ja. Lamba na hawa, duhu na ƙaruwa, shi ya sa za ki ji mu masu aikin haƙori muna cewa A2, A3. Haƙoran mutane da yawa a nan launinsu yake. Akwai wani allon da suka fitar a 1998 mai launi 26, shi da haske da duhu ake fara zaɓe, don nan ne ido ya fi saurin kama kuskure.

Abin da nake so ki kula da shi sosai, lokacin da ake zaɓen. Kafin a fara rage haƙorin don sa hular ake yi, tun yana da danshin yawu. In baki ya daɗe a buɗe haƙori bushewa yake, ya yi fari na ƙarya, sai bayan awanni yake komawa yadda yake. Sannan a bakin taga, da hasken rana, domin abin da ya dace a ƙarƙashin ƙwan fitila yana iya bambanta in kin fita waje. Mu kanmu ba ma ƙura ido, sakan biyar zuwa bakwai ne, sai mu kalli wani abu ruwan toka ido ya huta. Jan-baki kuwa a goge shi, mayafi mai ƙyalli ma yana ruɗa ido.

Sai maganar goro da shayi, tunda na san ki da su. A fara yi miki wankin haƙori, a cire dattin da ya kama, in ba haka ba da launin goro za a gwada, ba da naki ba. In kuma kina da niyyar a haskaka miki haƙoran gaba ɗaya, to yanzu ne, a yi, a jira kamar mako biyu launin ya tsaya, sannan a zaɓa. Tangaran da ake yin hular da shi ba ya jin maganin haskakawa, yadda aka gasa shi haka zai zauna.

Ki kuma tambaye shi irin hular. Mai ƙarfe a ciki, in dasashi ya ja baya da shekaru, wani baƙin layi kan fito. Ga haƙorin gaba ni na fi son tangaran zalla. Amma in an cire jijiyar haƙorin har ya yi duhu, dole a sanar da mai haɗa hular, a tura masa hoto da allon a gefe, don duhun na iya lekowa ta cikin hular.

Ranar da za a sa, za a fara ɗora miki ba tare da an manne ba. Yaya don Allah kar ki ji nauyin likita. Ki karɓi madubi, ki je taga, ki yi murmushi, ki tambayi wadda ta raka ki. In bai yi miki ba ki faɗa a lokacin, ana iya mayarwa a gyara. In an riga an manne, sai dai a yanka a sake sabuwa.

Ki nemi layin safe, kuma ki kira ni kafin ki shiga. A gaida yara.