Amsa: PSA ɗin Baba ya kai 6, kansa ce?

Ɗan'uwa ka kwantar da hankalinka, gwajin jini na PSA ɗin Baba ya nuna 6 ba shi ke nufin kansar furostet (ƙullutun da ke ƙasan mafitsarar maza) ba. Gaskiya ne likitoci kan fara sa ido in ya wuce 4, amma kumburin furostet na tsufa yana ɗaga shi, ciwon sanyin fitsari ma haka, kai har saduwa da iyali kwana ɗaya ko biyu kafin a ɗibi jinin tana iya taɓa shi, shi ya sa galibi sai a ce a maimaita bayan 'yan makonni. In bai sauka ba sai hoton MRI, daga nan a ɗan gutsuro tsokar furostet ɗin a duba, wannan ne kaɗai ke tabbatarwa. Ku dai kar ku yi wasa da komawa asibiti. Allah Ya ba shi lafiya.