Amsa: yaushe ake fara yi wa kwikwiyo allurar riga-kafi?

Malam, ka ce kwikwiyonka ya kai mako 7, kana tambaya ko ka jira ya ƙara girma. Kada ka jira, yanzu ne lokacinsa. Allurar farko tsakanin mako 6 zuwa 8 ake yin ta, wadda likitocin dabbobi ke kira DHLPP, wato allura ɗaya mai kare shi daga cututtuka biyar har da fabo (parvo), cutar da ke kama hanjin karnuka, sannan a maimaita bayan mako 3 ko 4 har ya kai mako 16. Ta haukan kare sai ya cika wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato ma tana haɗa ta.

Ni cutar fabo ce ta koya mini hankali. Kwikwiyona ya wayi gari yana amai da gudawa mai jini, wari ya cika zaure, kwana uku ya mutu. Tun daga nan ba na barin kwikwiyo ya fita waje sai alluransa sun cika.

Kafin allurar, a fara ba kwikwiyon maganin tsutsar ciki. Kuma ka duba da idonka daga firji aka ɗauko allurar, don zafi na lalata ta. Ka karɓi katin shaida ka adana, ranar da ya ciji ɗan maƙwabci shi za a fara tambayarka.